Jirin da ya sauko da ni daga kan bango

Na sha wuya. Wata huɗu ban taka tsani ba, kuma rabin wuyar nan mu muka jawo ta da hannunmu, ni da mutanen gidana, ba da mugun nufi ba. Abin da ya sa na zauna na rubuta ke nan, don wanda abin zai sama bayana kada ya bi inda na bi.

Sunana Mutari, magini ne ni a nan Matameye. Shekara ta kusa talatin ina aiki da abokina Habu. Shi ke karɓo aiki ya yi ciniki, ni ke hawa sama. Haka muka raba tun muna samari. Ban iya wata sana'a ba, kuma gonata ba ta ciyar da gidana rabin shekara. In ban hau bango ba, ba a ɗora tukunya.

Abin ya same ni ranar wata Talata, sanyi ya fara ja baya, muna rufin wani shago a Kance. Da hantsi ne, ina kan bango, na juya zan karɓi bokitin siminti, sai garin ya tashi ya kama juyawa. Ba irin jirin yunwa ba ne da ido ke yin duhu. Ina gani sarai, amma itatuwa da rufin gidaje suna wucewa ta gabana kamar ina cikin mota. Na kwanta rub da ciki na rungume bangon.

Habu yana ƙasa ya ce, "Mutari, barci kake, ko bangon ne ka ga ya yi maka kyau?"

Sai da ya ga amai yana gangarowa ya bar wasa. Mutum uku suka sauko da ni da igiya a ƙugu, kamar buhun gero.

Satin farko na yi kwana biyu a likita, wato ƙaramin asibitinmu. Aka ɗebi jini, ba palu, wato zazzaɓin sauro. Aka auna tansiyo, wato hawan jini, manjo, babban ma'aikacin jinya, ya ce bai kai abin da zai kayar da mutum ba. Aka ƙara mini ruwa saboda aman, aka ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi farare na jiri. Manjo ya faɗa mini da bakinsa, ban manta ba: kwana uku zan sha, in ya yi yawa biyar, sannan in daina, kuma in abin bai sake ni ba in tafi Damagaram. Na ji maganar, amma rabinta na ɗauka.

Da muka koma gida matata Cima ta karɓi jinya. Ta rufe taga da bargo, ta ɗaure mini kai da ƙyalle, ta ce kada in motsa. Kuma gaskiya a lokacin ko ido na juya sai amai. Ita ke ɗaga ni, ita ke riƙe mini buta, ita ke ba ni koko da ludayi kamar yaro. Wannan ba zan manta mata ba har in mutu.

Sai masu gaisuwa. Duk wanda ya shigo da sannu a baki da magani a aljihu. Yayana Lawali ya kawo wanzami aka yi mini ƙaho a ƙeya. Gwaggona ta ce an sare tsamiya a filin shagon nan na Kance kafin a yi gini, ta aiko da hayaƙi. Liman ya aiko da rubutu, na sha, kuma ban raina ba. Wani ya ce jini ne ya hau kai, wani ya ce rana ce. Ba su taɓa haɗuwa a kan dalili ba, amma a bakin ƙofa maganarsu ɗaya ce: "Ka kwanta dai. Kada ka motsa kan nan."

Zuwa sati na biyu juyawar nan mai ƙarfi ta tsaya. Abin da ya rage shi ne in na tashi sai in ji kamar katifa nake takawa, in na juya kai sai ɗakin ya biyo ni daga baya. Da na ji haka sai in koma in kwanta, in ce ban warke ba. Ƙwayoyin manjo suka ƙare, na ba da kwalin aka kai wa mai teburin magani a tasha ya kawo irinsu. In na sha sai barci, in na yi barci ba jiri, sai na ce magani yana aiki. Haka na yi sati bakwai a ɗaki mai duhu. Ƙafafuna suka rame. Salla a zaune, da nuni. Bayan gida da hannu a bango. Cima ta sayar da akuyarta guda, ta ce mini wai ta gaji da kukanta ne.

A sati na bakwai Habu ya zo. Ya zauna bakin gado, ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya ce ya sami aikin aji uku na lekol, wato makarantar boko, a wani ƙauye wajen Kurni, suna kan bango yanzu, kuma dole a rufe kafin ruwa ya sauka.

Ya ce, "Na riƙe maka wurinka har lokacin rufi. Wata biyu ke nan. In ba ka tashi ba dole in ɗauki wani. Kuma ka san ni, Mutari, in na ɗauki mutum ba zan kore shi don ka warke ba."

Ban ji haushinsa ba. Shi ma yana da masu ci a gida. Amma bayan ya fita na kalli rufin ɗakina, wanda ni na yi shi da hannuna, na ga idan na ci gaba da kwanciya a nan zan ƙare. Na ce wa Cima gobe za ni Damagaram.

Hanyar ba zan so wa maƙiyina ita ba. Motar haya, mu shida a kujera, duk ramin da aka faɗa sai cikina ya taso. Lawali ya raka ni, yana riƙe mini leda. Muka isa asibiti, aka ce a karɓi tike na ganin likita, muka karɓa. Muka zauna a benci har azahar, aka ce likitan kunne sai Alhamis. Muka kwana biyu a zauren wani ɗan'uwanmu. Ranar Alhamis muka sake benci tun safe, ban shiga ba sai wajen la'asar.

Likitan ya leƙa kunnuwana, ya sa na bi yatsansa da ido, ya kama kaina da hannu biyu ya ce in kalli hancinsa, ya fizga shi hagu da dama. Ya yi ta maimaita wata kalma, "bestibil", ita kaɗai na riƙe. Ya ce abin a can cikin kunnen hagu yake, ba a ƙwaƙwalwa ba, in gode wa Allah. Ya rubuta takarda. Na ɗauka ta farmasi ce, sai ya ce in kai ɗakin kine, wurin masu motsa jiki.

Raina ya ɓaci. Kwana uku a garin mutane, ba allura, ba hoto, sai a tura ni wurin masu tausa.

Ɗakin yana can ƙarshen baranda. Akwai ƙarafuna biyu da mutum ke dafawa yana koyon tafiya, akwai wani tsoho da ɓarin jikinsa ya mutu yana jan ƙafa a tsakaninsu. Wadda ta karɓi takardata yarinya ce, ba ta girmi ƴata ta fari ba. Madam Barira suke ce mata.

Na ce, "Ni fa ba karaya na yi ba, ba tausa nake nema ba."

Ta ce, "To mun daidaita, Baba, don ni ma ba tausa zan yi maka ba. Sati nawa kana kwance?"

"Bakwai."

"Wa ya ce ka kwanta?"

"Duk Matameye."

Ta yi dariya, sannan ta tambayi abin da nake sha. Na fito da kwalin. Ta duba, ta fita da shi wurin likita, ta dawo ta ce ya ce in daina. Ta tambayi sana'ata, na faɗa. Sai ta ce, "Ashe ka san nibo."

Nibo shi ne ƙarfen nan mai ɗan kwalba da ruwa a ciki, da muke ɗorawa kan bango mu ga ko ya karkace. Na ce na san shi tun ba a haife ta ba.

Ta ce kowane mutum yana da irinsa biyu, ɗaya a cikin kowane kunne. Nawa na hagu ciwo ya taɓa shi, yana faɗin ƙarya, na dama yana faɗin gaskiya, kai kuma ya rasa wanda zai bi. Ta ce kai yana iya koyon aiki da abin da ya rage, da taimakon ido da tafin ƙafa, amma ba ya koyo a kwance, kuma ba ya koyo in an sa shi barci da ƙwaya.

"In aka ba ka sabon lebura, Baba, ka kulle shi a ɗaki, yaushe zai iya aiki?"

Wannan ce magana ta farko da na gane tun da abin ya same ni.

Ta zana baƙin ɗigo a kwali ta manna a bango. Ta ce in kafa ido a kansa in riƙa girgiza kai kamar mai cewa a'a. Ban kai goma ba na yi amai a bokitinta. Ta miƙo mini ruwa, ta jira, ta ce mu sake a hankali. Ta ce in jiri ya taso kaɗan, aikin ke nan, kada in tsorata. In ya yi yawa in zauna ya lafa, in sake. Sau uku a yini, da tafiya a tsakar gida ina duba hagu da dama. Ta kuma ja mini kunne, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan: in jiri ya zo da karkacewar baki, ko hannu ya mutu, ko harshe ya yi nauyi, ko mutum yana ganin abu biyu-biyu, wannan wani ciwo ne daban, a ruga asibiti a ranar, ba a tsaya girgiza kai ba.

A mota Lawali ya ce, "Mun sayar da gero mun zo an koya maka cewa a'a."

A gida abin ya fi wuya. Na cire bargon taga, na kwance ƙyallen kai, na manna kwalina a bangon tsakar gida. Cima ta tsaya tana kallona ina girgiza kai ina tangaɗi, ta ce, "Malam, kashe kanka za ka yi? Sati bakwai ina lallaɓa kan nan." In na fara sai ta kawo tabarma ta shimfiɗa a bayana, wai in zauna. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta gan ni ina yi wa bango a'a, kafin magariba unguwa ta ji cewa iskar Kance ta bayyana. Gwaggo ta sake aiko da hayaƙi, wannan karon ƙulli biyu.

Da lokacin komawa ya yi, bayan sati biyu, na ce Cima ce za ta raka ni. Madam Barira ta zaunar da ita ta yi mata bayanin da ta yi mini. Cima ta ce, "To ni ce na ƙara masa ciwon ke nan."

Madam Barira ta ce, "A'a, Inna. Satin farko in ba don ke ba da ƙishirwa kaɗai ta gama da shi. Jinyar ce ta canja, ba wanda ya faɗa miki. Yanzu aikinki ki tsaya kusa da shi kada ya faɗi, ki ƙidaya masa, kuma in ya ce ya gaji kada ki yarda da wuri."

Cima ta miƙe muka fito. Har muka iso gida ba ta yi mini magana ba. Amma da safe, ina cikin shan koko, na ji ta ce, "Tashi, kwalinka yana jira." Tun daga ranar ban sake samun sauƙi a wurinta ba. In na tsaya a goma sha biyar sai ta ce ita ashirin aka ce mata.

Na ɗauko zaren gini na ja shi daga ƙofar zaure zuwa gindin rumbu, na riƙa bin sa ƙafa gaban ƙafa. Kwanakin farko ina barin zaren kamar akuyar da ta ga dusa a gefe. Zuwa sati na uku ina bin sa ina duba hagu da dama. Na koma salla a tsaye, na fara a gida kusa da bango, don ruku'u ne ya fi tayar mini da shi. Ranar da na shiga sahu a masallaci na yi raka'a huɗu ban dafa kowa ba, ban faɗa wa kowa ba, amma na daɗe a zaune bayan sallama.

Sai na yi gaggawa. Ranar kasuwa na ce zan je in sayi igiya da kaina. Da na shiga cikin mutane, ga amalanke, ga moto, wato babur, ga rumfuna masu launi, kowa yana wucewa ta gefen idona, sai ƙasa ta sake zama katifa. Na yi tangaɗi na bangaji tiren wani mai goro. Ya bi ni da kallo ya ce, "Dattijo da kai, da furfura, kana shan ƙwaya da rana tsaka." Mutane suka yi dariya. Shekarata hamsin da ɗoriya ko taba ban taɓa sha ba. Na lallaɓa na koma gida na shiga ɗaki na mayar da bargon taga da hannuna. Kwana huɗu ban kalli kwalin ba. Cima ta yi magana har ta gaji.

Da na koma Damagaram na faɗa wa Madam Barira na daina, ta ce ba ni na fara ba. Ta ce kasuwa ita ce aji na ƙarshe, ni kuma na tsallake na shiga tun ban gama na biyu ba. Ta ce in fara da titin gidanmu, sannan bakin tasha, sannan gefen kasuwa da sassafe kafin ta cika.

Ina hutawa a benci ranar na tambaye ta yadda aka yi ta shiga wannan aiki. Ta ce bayan ta gama lise, wato sakandare, shekara uku ta yi tana karatunsa, da sanin ƙashi da jijiya da duk wata gaɓa. Babanta ya so ta zama ungozomar asibiti, don ita ce mutane suka sani. Har yanzu in ta je ƙauyensu ana ce mata mai tausa, tsofaffi suna miƙo mata ƙafa. Ta faɗa tana dariya, amma na ga abin yana ci mata rai. Su biyu ne a ɗakin, bencin kuwa kullum cike, daga masu shanyewar jiki har waɗanda moto ya karya. Ni dai ban sami mai wannan aiki kusa da mu ba, shi ya sa duk sati biyu sai na sha hanyar nan, kuma kuɗin mota ya fi kuɗin ganinta ci mana aljihu. Wannan kuka ne, kuma ina yin sa. Masu ƴaƴa a lekol su sani akwai wannan sana'a, kuma ana nemanta. Na raina ta da na shiga ɗakin, ita ce kuma ta tsayar da ni da ƙafafuna.

Na ce mata ni ba tafiya kasuwa ce damuwata ba, bango ne. Ta ce to mu yi bango. Na faɗa mata dabarar da na yi tunani, ta yarda, da sharaɗin Cima tana tsaye. Na ɗora katako kan bulo ɗaya-ɗaya a tsakar gida, faɗinsa kamar kaurin bango. Na bi shi sati guda. Na ƙara bulo ya zama biyu. Sannan na riƙa bi da bokiti rabi da ruwa a hannu. Sannan in tsaya a tsakiya in juya in karɓi bokitin daga hannun Cima, don a juyawar nan ce abin ya fara kama ni. Na faɗo sau biyu. Na biyun na ƙuje gwiwa, Cima ta wanke ta ɗaure, ta ce, "Saura uku."

Lawali ya shigo wata rana ya tarar da ni a kan bulo uku. Ya tsaya ya kalla, ya ce, "Ƙahon nan dai ya yi aiki a hankali." Na bar shi a haka.

Zuwana na ƙarshe Madam Barira ta tsayar da ni kan soso ido rufe, ta sa na hau matakala na sauko ina juya kai, ta sa na ɗauki abu a ƙasa na miƙe da sauri. Ta ce nibon da ya lalace ba zai dawo sabo ba, kada in yaudari kaina. In na gaji, ko haske ya yi ƙasa, ko na yi zazzaɓi, zan ji shi. Ta ce in fara da ƙaramin rufi, wani yana riƙe da tsani, in juya da jiki duka ba da kai kaɗai ba, kuma in rana ta yi sanyi in sauko ko aiki bai ƙare ba. Na yi mata godiya. Ban iya doguwar godiya ba, na ce Allah ya yi mata albarka, ya ba babanta haƙurin gane abin da ya haifa.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, Habu ya zo. Gabas ta fara haɗa gajimare a kwanakin. Ya tsaya yana kallon katakona da buloluka.

Ya ce, "Litinin za mu fara rufi. Akwai wani mutumin Kurni da ke ta bina. Me zan ce masa?"

Na ce, "Ka ba ni zuwa gobe da hantsi."

Ya ce, "Mutari, kada ka hau don kunyata. In ka faɗo ni zan zo in gaya wa Cima."

Cima tana bakin murhu ta ce, "Ba sai ka zo ba, ina wurin."

Da safe bayan na karya, na kwaɓa laka rabin bokiti. Indararon ɗakinmu ya tsage tun bara, ruwa yana bin bango. Na jingina tsani, Cima ta riƙe shi da hannu biyu ta sa ƙafa a gindinsa. A mataki na huɗu na ji ƙasa ta ɗan motsa. Na tsaya, na kafa ido a kan bakin indararon kamar ɗigon kwali, na jira ya lafa, na ci gaba. Na hau, na zauna, na miƙe tsaye. Na ga rufin maƙwabta da hasumiyar masallaci, kowane yana inda yake. Na juya da jiki duka na ce ta miƙo bokitin. Na yaɓe indararon, na shafe shi da hannu, na sauko. Sannan na wanke cokalin gini, na sa shi cikin buhu tare da nibo da zare, na tafi gidan Habu.